Fallen Tano a Gaban Mota, Daga Tawa Zuwa Maigawo

Yau kwana goma sha biyu da dawowarmu daga Maigawo, har yanzu ba a bar ni na huta ba. A lakwal, wato makarantar boko, abokan aiki su tare ni, a masallaci bayan la'asar a tare ni, a majalisar shayinmu kuwa ba a ma bari in zauna. Tambaya biyu ce kullum: yaya arewa take, kuma ina fallen tanon nan, wato gangar ƙarfe, da na fita da shi a gaban mota. Ta farko da tausayi ake yin ta, ta biyu da dariya ƙunshe a baki. Na gaji da maimaitawa, leɓena ma bai gama warkewa daga tsagewar da ya yi ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda in koma in kwanta.

Ga wanda bai san ni ba, ni mutumin Damagaram ne, jikan Barebari, ga tsagen nan a fuskata. Aiki ya kawo ni Tawa shekara tara da suka wuce, ina koyar da lissafi da kimiyya. A nan na auri Hajara, ɗiyar Baba Nomau na Maigawo, wani ɗan ƙauye can arewa, gaba da Afala sosai. Kowa ya san yadda damina ta yi mana bara da bana. Mutanen arewa suna ta kwararowa gefen gari suna kafa bukkokin kwali da tsumma, kuma duk wanda ya fito daga Maigawo magana ɗaya yake kawo mana: garin ya watse, saura 'yan tsofaffi, ƙafafun Baba sun kumbura har ba ya iya zuwa masallaci. Sau biyu an ba shi wuri a mota, sau ɗaya a kan jaki, ya ce ba inda za shi. Dalili kuwa bai faɗa wa kowa ba. Hajara ba ta taɓa ce mini in tafi ba. In na shigo gida sai ta dubi motar, sannan ta dube ni, ta ci gaba da aikinta.

Motar tsohuwar bashe ce, mai buɗaɗɗen baya, wadda na saya hannun wani Bature mai aikin rijiyoyi da zai koma ƙasarsu. Lafiyarta lau, mai ne babu. Gidajen mai sun bushe, na kwalba da ake shigowa da shi daga Najeriya shi ma ya ɗauke tun da aka tsananta a iyaka. Mako guda ina yawon roƙo kafin in haɗa abin da ke cikin tanki da bido ɗaya, wato jarka. Na zauna na yi lissafi, na sake yi. Man zai kai mu Maigawo, ya dawo da mu wajen Afala, a nan ya ajiye mu da marar lafiya a cikin daji.

Ina cikin wannan damuwa na ci karo da wata tsohuwar mujallar Faransanci a ɗakin malamai. A ciki akwai hoton mota da aka ɗaura wa wani ɗan falle a ƙarƙashin ƙarfen gabanta, wanda muke ce wa parshok, mutanen Najeriya kuma bamba. Bayanin ya ce iskar da ke shiga ƙarƙashin mota ita ke riƙe ta, in an tare ta sai shan mai ya ragu. To wannan darasi ne da ni kaina nake koyarwa. Sai na ce a raina, in ɗan ƙaramin falle yana rage kaɗan, ashe babba zai rage da yawa. Da wani ɗalibina ne ya kawo mini wannan lissafin da na ja masa jan biro tun daga sama har ƙasa, amma da yake nawa ne sai na yarda da shi.

Na kira maƙwabcina Isaka mai walda, Ba'adaren Kalfu, wanda sana'arsa ke nan fasa tano yana yin murhu da ƙyamare. A tsakar gidana muka yi aikin. Ya yanke kan tanon da gindinsa, ya tsaga shi, ya buge shi da guduma har ya miƙe. Ni kuma na zana masa da alli a ƙasa yadda nake so: fallen ya taso tun daga ƙarƙashin fitilu, ya rufe parshok, ya sauka har kusa da ƙasa. Isaka ya tsuguna ya daɗe yana kallon zanen.

"Mushe," ya ce, don haka suke kiran malamin lakwal, "mota da hanci taka lumhwashi. In munka toshe mata hanci, mi taka yi?"

Na yi masa bayani mai tsawo, rabi Hausa rabi Faransanci. Na ce iska za ta zagayo ta gefe.

"To. Ni walda nika yi, kai ad da takarda. Amma ba ni liƙe shi da wuta. Da ƙusa mai zare nika ɗaure shi, ko da wata rana."

Haka aka yi. Da muka gama, motar ta koma kamar tsohuwa ta ja mayafi har hanci. Hajara ta fito ta duba, ta koma ta ɗauko katifa ta shimfiɗa a baya saboda Baba. Ta haɗa mana garin rogo, sukari, ganyen shayi, salka ɗaya da bidon ruwa. Isaka ya ce zai raka ni, wai yana son ya ga ƙarshen ilimi da idonsa.

Mun fita bayan sallar asuba da niyyar mu ci hanya kafin rana ta yi zafi. A shingen fita gari aka fara. Na miƙa wa jandarma takardun mota da takardar izinin tafiya, duk daidai. Shi kuwa wani dogo ne mai Hausar 'yan yamma, ya zagaya motar sau biyu, ya ƙwanƙwasa fallen da sanda.

"Mushe, wannan motar yaƙi ne?"

Na ce a'a, dabarar rage shan mai ce. A wannan zamani na soja ba a wasa da kalmar yaƙi a bakin shinge, don haka na yi masa bayani a natse. Ya saurara da kyau, har ya tambaya ko za ta yi wa babur ɗinsa. Matsalarsa ɗaya, dole ya rubuta kowace mota a littafi da kamanninta, shi kuwa bai san me zai rubuta ba. Ya ce mu jira shef, wato shugabansu. Shef bai zo ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Ya zo ya duba, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a rubuta "mota mai gemu", a buɗe mana. Sanyin safiyar da muka yi sammako dominsa a nan muka bar shi.

Daga nan hanya ta zama gargada da duwatsu irin na Adar, masu kaifi, ja-ja. Mu a Damagaram rairayi muka sani, shi kuwa rairayi ko ya riƙe ka ba ya dukanka. Kowane ɗan tudu sai gindin fallen ya daki ƙasa, ƙara ta tashi kamar ana fasa tano a cikin kunnena. Duk da haka ina ta satar kallon allurar mai, ina ganin kamar ba ta motsi, ina jin daɗi. Har na ce wa Isaka, "Ka gani?" Shi kuwa ɗaya allurar yake kallo, ta zafin inji, wadda ni ban ma tuna da ita ba.

Ba mu kai Afala ba hayaƙi fari ya turnuƙe daga gaba. Muka tsaya a fako, babu ko inuwar da kare zai kwanta. Ruwan radiyate, wato tankin da ke sanyaya inji, yana tafasa yana tsiyaya. Sai da muka jira ya huce kafin Isaka ya naɗe hannu da tsumma ya buɗe, muka ɗura masa daga bidonmu.

"Mu ɗebe shi, Mushe."

Na ce a'a. Ba taurin kai kaɗai ba ne, tsoro ne. In an cire fallen, lissafina na farko ya dawo, wato mu ƙare a daji da Baba a baya. Na ce zafin rana ne, in ta yi sanyi zai daina. Kafin la'asar mun tsaya sau huɗu. Tafiyar da a lokacin lafiya ake yi a dawo a yini ɗaya, ga mu rana tana shirin faɗuwa ba mu yi rabi ba, bidon ruwa kuma ya koma fanko.

Wajen magariba muka sauka a wani ƙauye gaba da Afala. Na san Adarawa mutanen tafiya ne, kowane rani mazansu suna can kurmi, ƙasashen kudu, wajen bida, amma ban taɓa ganin gari babu namiji mai ƙarfi ko ɗaya ba sai ranar. Aka kai mu gidan mai gari, shi ma ya tafi, sai uwarsa, wata tsohuwa da ake kira Inna Tamo. A wajenmu baƙo yana zama za a fara yi masa tambaya, daga ina, sai ina, ɗan wane ne. Su a nan ba a tambayar baƙo komai sai ya sha ruwa. Ta shiga ta daɗe, ta fito da ƙwarya, ruwan cikinta bai fi a wanke fuska ba, ta durƙusa ta ajiye.

"Ku yi haƙuri, ɗiyana. Rijiya nisa gare ta, ƙahwahu kuwa sun tsuhwa."

Muka kurɓa muka rage mata. Abincin dare anza ce dafaffiya, 'ya'yan wani ɗan icce na daji da ake jiƙawa kwana da kwanaki ana zubar da ruwan don ɗacin ya fita. Da yake ruwan ma babu, ba ta jiƙu yadda ya kamata ba. Na sa a baki, ɗacin ya hau mini har ƙwaƙwalwa. Isaka yana ci yana santi da gangan don tsohuwar ta ji daɗi, yana taka mini ƙafa in ci gaba. Na ci. Muka ɗebar mata garin rogo da sukari, ta karɓa da hannu biyu tana ta sa albarka, har na ji nauyin kaina.

Da gari ya waye muka yi sulhu ni da Isaka. Ba za a cire fallen ba, amma za a huda shi. Ya ɗauko ƙusa babba da guduma ya yi masa ramuka layi-layi daidai hancin motar. Sannan muka kwance salka, ruwan da Hajara ta ce na Baba ne a hanya, muka tsiyaya rabi a radiyate. Ina ɗagowa na ga Inna Tamo tsaye a bakin darni tana kallon ruwan yana shiga.

"Ita ma ƙishirwa taka ji?" ta ce.

Na ce e, Inna. Ta gyaɗa kai, ta ce Allah shi kiyaye hanya.

Ramukan sun taimaka, amma kaɗan. Da muka bar duwatsu muka shiga rairayi sai fallen ya koma garma, yana tara ƙasa a gaba motar tana nishi. Gefen hanya kuwa ba abin da zan so in ba da labari ba ne. Mushen shanu ne nan da can, fata a kan ƙashi, ko ungulu ta ƙoshi ta daina sauka. Wajen azahar salka ta ƙare, allurar zafi ta sake hawa, muka lallaɓa da ƙyar zuwa wata rijiya da muka hango mutane.

Rijiyar arewa ba irin tamu ba ce da mace za ta zura guga ta jawo. Jakuna biyu ake ɗaura wa igiya su yi ta tafiya har su ƙanƙance a ido kafin wasaki, babban gugan fata, ya fito, shi ma rabinsa laka. Kuma ba a rububi. Kowane gida da lokacinsa, Buzaye da Fulani da Hausawa, ana auna shi da inuwa, in naka ya wuce sai gobe. Tsakanin wasaki da wasaki ma sai an dakata ruwa ya taru. Mun tarar lokacin wani dattijon Bafulatani ne, siriri kamar sandarsa, da shanu biyar. Huɗu sun sha. Ta biyar, wata ja mai farin goshi, tana kwance can gefe ana lallashinta ta tashi.

Ya miƙo mana ruwa muka sha kafin mu buɗe baki, don matafiyi ba ya jiran layi. Yana ganin tsagen fuskata sai idonsa ya yi haske. Tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa yana ce wa ɗan uwansa bawa.

"A'a! Yau ga bawana ya zo gaishe ni. Kai Babarbare, wa ya ba ka saniyar ƙarfe? Har da takunkumi ka sa mata, cizo take yi?"

A wata rana da na rama. Ranar murmushi kawai na iya. Na gaya masa gaskiya: surukina yana Maigawo ba lafiya, mota ba ta tafiya sai da ruwa, kuma ba kofi ɗaya take so ba.

Dariyar ta bar fuskarsa. Ya dubi inuwar sandar da aka kafa, ya dubi wasu Buzaye biyu da ke tsugune da raƙumansu suna jiran lokacinsu. Wasaki ɗaya ya rage masa.

"Mutum ba a hana shi ruwa a rijiya," ya ce. "Dabba kuma tana da layi. Wannan taka ban san inda zan sa ta ba."

Jakuna suka tafi, igiya tana kuka a kan icce, wasaki ya fito. Dattijon ya riƙe shi, ya waiwaya wajen jar saniyar da ta samu ta miƙe tana tangaɗi ta nufo kwamin shayar da dabbobi. Sai ya juyo ya ce wa Isaka ya kawo bido.

"In ban ba ka ba, gobe ka je Damagaram ka ce ubangidanka ya hana ka ruwa."

Muka tace lakar da rawanin Isaka. Ina tsaye ina ɗura ruwan a cikin ƙarfe, saniyar ta iso kwami ta sa baki tana lasar danshin katako. Ba wanda ya zage ni. Da ma an zage ni. Na shekara tara ina tsayawa gaban allo ina gaya wa 'ya'yan mutane yadda duniya take aiki, ga shi na zo ƙasar da ruwa ya fi mai tsada na mai da motata mai shan ruwa. Kunyar da na ji a wurin ban taɓa jin irinta ba.

Na ɗebo shayi da sukari na miƙa masa, ya ture hannuna, wai tun yaushe bawa yake sallamar ubangidansa. Sai Isaka ne ya faki idonsa ya tura ƙullin a cikin jakar da ke rataye a jikin jaki. Ni kuma na karɓi sifana na kwanta a rairayi mai zafi na kwance fallen da hannuna. Na ja shi gefe zan yar.

"A'a, Mushe," in ji Isaka. "Ƙarhe ba a yasda shi." Ya ɗaga katifa ya shimfiɗa shi a ƙarƙashi.

Daga nan allurar zafi ba ta ƙara motsi ba. Isaka bai ce ai na faɗa maka ba, ko sau ɗaya. Na fi son ya faɗa a wuce wurin, amma ya ƙi.

Mun shiga Maigawo da la'asar sakaliya. Ban taɓa jin gari shiru haka ba, babu daka, babu kukan akuya. Abin da na lura da shi, ban kuma gane ba a lokacin, shi ne gidajen iri biyu ne. Wasu ƙyamarensu a rufe, an ɗaure da igiya an jingina ƙaya, suna nan lafiya lau. Wasu kuwa ƙofa a hangame, an zare azarar rufinsu, sun rufta.

Baba Nomau yana zaune a ƙofar ɗakinsa a kan buzu, ƙafafunsa a miƙe sun yi suntum, fuskar kuwa ta zama ƙashi. Na tuɓe takalmi tun daga nesa na tsuguna na gaishe shi, kaina a ƙasa. Ya tambayi Hajara da yara ɗaya bayan ɗaya. Muka dama masa garin rogo da sukari, na koma bayan rumbu don ya samu ya sha, tunda ba ya ci a gabana ni ma ba na ci a gabansa. Da ya gama na dawo na ce Hajara ta aiko mu mu tafi da shi asibiti.

"Na gode, Malam. Kun sha wahala. Ku kwana, da sahe ku koma. Ni ba ni zuwa."

Suruki ba ya musu da surukinsa. Duk Faransancina da lissafina ba su da amfani a nan, iyakata in ce "Baba, a duba dai," in yi shiru. Na ce hakan sau uku, sau uku yana ce mini Allah shi yi albarka. Na tuna saniyar, na tuna idon Hajara, na ji kamar in kwanta a wurin in yi ta barci.

Isaka ba surukin kowa ba ne, kuma mai sana'a idonsa a kan sana'arsa yake. Tun da muka zo yake kallon ƙofar ɗakin, inda wata tsohuwar tabarma take rataye.

"Baba, ina ƙyauren ɗakin ga?"

Tsohon ya ce, ba tare da ya dube mu ba, "Da shi munka ruhe uwar Hajara. Babu icce ko guda cikin garin ga. Munka hwasa shi munka jera mata."

Surukata ta rasu da sanyin da ya wuce. Hajara ta zo gaisuwa a motar kasuwa, ni ban samu izini a lakwal ba. Mata ba sa zuwa maƙabarta, Baba kuma bai gaya mata ba. Sai a lokacin Isaka ya fahimtar da ni abin da na gani a shigowa. A nan, wanda zai bar gari ya rufe ɗakinsa ya jingina ƙaya, kowa ya san zai dawo, ba mai taɓa masa ko tsinke, gonarsa ma tana nan tasa. Wanda ya tafi ya bar ƙofa buɗe kuwa ya sallama ke nan, kafin mako an zare azara an yi makamashi.

"Cikin ɗakin ga anka haihe ni," in ji Baba. "Ba ni tahiya in bar shi buɗe awa wanda ba shi da kowa. Kuma ba ni roƙon ƙyaure ga mutanen da ba su da abin ci."

Isaka ya dube ni, na dube shi. Ya tashi ya nufi mota, na ji ƙarar fallen yana fitowa daga ƙarƙashin katifa. Da ya tayar da shi tsaye a bakin ƙofar, sai ka ce an auna. Ɗan yatsa biyu kawai ya rage a sama. Ramukan da muka huda na ƙusa mai zare suka zama wurin ɗaure waya a jikin dogarin ƙofa. Kafin magariba ƙyaure yana buɗewa yana rufewa, da lanƙwasarsa da tabon duwatsun hanya. Baba ya sa aka matsar da shi kusa, ya shafa fallen, ya zura yatsa a ramukan da Isaka ya yi da ƙusa. Na fara ba da haƙuri a kansu.

"Bar su," ya ce. "Ɗaki ma shina son lumhwashi."

Isaka ya juya baya yana tari, na san dariya yake yi.

Da asuba Baba ya yi salla a zaune. Ya sa muka fito da buzunsa da butarsa da wata 'yar jaka. Shi da kansa ya ja ƙyauren, ya murɗe wayar, ya ƙi a taya shi. Isaka ya jawo reshen ƙaya ya jingina. Sauran tsofaffin garin su huɗu suka zo suka tsaya suka gani, don a shaida. Muka bar musu abin da ya rage na gari, muka ɗauke shi muka kwantar a kan katifa, na kafa masa inuwa da zanen Hajara.

Komowa ba ta da labari mai yawa, gajiya ce kawai. Ina tuƙi a hankali saboda ƙafafunsa, ina kashe inji a kowace gangara. Mun wuce ta rijiyar da hantsi. Bafulatanin ba ya nan, wasu ne a kan layi. Can gefen kwami akwai saniya kwance wadda ba ta motsi, ja ce. Isaka ya leƙa ta taga ya daɗe yana kallo, ni na kafa idona a hanya. Ban tambaye shi ko goshinta fari ne ba, shi ma bai faɗa ba, har yau.

Man ya wuce Afala, ya wuce inda lissafina ya ce zai ƙare. Ko fallen ne ya rage wani abu a tafiya, ko gangara ce, ko tun farko lissafin ne ba daidai ba, ban sani ba, kuma masu tambayata a majalisa su daina, don ban auna ba. Muna hango shingen shiga gari inji ya yi tari biyu ya mutu. Muka tura, ni da Isaka. Dogon jandarman nan ne a bakin aiki. Ya taho yana dariya yana tambayar ina gemu, sai ya leƙa baya ya ga Baba. Ya ɗauko tiyo ya zuƙo mai daga babur ɗinsa ya cika kwalba ya ɗura mana, ya ɗaga shinge, ko takarda bai duba ba.

Baba ya kwana shida a asibiti, yanzu yana gida. Kumburin ya ɗan sauka, yana shan kunu. Amma likita ya ja ni gefe ranar da aka sallame mu ya ce zuciyar ta gaji ƙwarai, mu dai kula da shi, kada mu sa rai da nisa. Ban gaya wa Hajara duka ba, ko da yake ina jin ta sani.

Kullum da safe sai ya sa a fitar masa da buzu tsakar gida, kusa da motar, wadda ke nan tsaye babu mai, parshok ɗinta tsirara da ramuka huɗu. Yakan zauna ya dubi sama ta wajen gabas, ko da yake damina da sauran watanni. Jiya ina fita lakwal na tsuguna na gaishe shi, sai ya nuna gaban motar da haɓa.

"Malam, ƙarhen nan naka aro na ɗauke shi. Ruwan hwari na sauka, ka maishe ni in buɗe ɗakina, in samu icce in yi ƙyaure, ka ɗauko abinka ka maida ma motarka."

Na ce, "To, Baba."

Na sa takalmina a zaure na tafi aji.